Murhu Biyar a Gidan Nomau

Ni ke kai musu itace, ni da jakina,
shi ya sa na san lissafin gidan Nomau
fiye da waɗanda aka binne cibiyarsu a ciki.

Da can murhu ɗaya ne, duwatsu uku,
tukunya guda mai lashe tiya huɗu ta dawa,
baki ashirin da bakwai na jiran ta sauka.
Dami biyu na marke kan kai su Juma'a.
Hayaƙi ɗaya ke tashi, siriri, ya bi ta kan tsamiya,
duk Kanya Babba a san an ɗora tuwo.

Sai gidan ya fara yoyo.
Wannan Kano, wannan Dutse, wancan Fatakwal,
mata suka bi aure, maza suka bi kwalta.
Aka bar mutum biyar da carbinsu,
ƙaraminsu ya ba saba'in baya.

Na ce shi ke nan, kasuwata ta watse.
Ashe yanzu ta fara ci.

Malam Barmo likita ya raba shi da gishiri,
tukunyarsa daban.
Iya Hakama haƙora sun yi mata sallama,
sai kunu, sai fate mai ruwa-ruwa,
tukunyarta daban.
Cindo suga ya kama shi, ba ya wuce alkama.
Kande lafiyarta ƙalau,
hannunta kaɗai ta yarda da shi a miya.
Baba Mantau ba ya girki,
gwiwoyinsa yake gasawa ko da bazara,
ruwan alwalarsa ma sai ya ji wuta.

Baki biyar, murhu biyar.
Da asuba hayaƙi biyar ke haɗuwa a sama
su gaisa, kafin masu shi su gaisa.
Dami shida yanzu, kuma ba ya kai Laraba.

Na taɓa kai saƙon gero birni,
wurin ƙanin Barmo da ya yi ritaya a Hotoro.
Ɗaki shida, mutum ɗaya.
Janareto na kwana yana gurnani
saboda 'yar kwalbar allura a firji,
da ƙwai a kunne har banɗaki,
don tun da ya faɗi a duhu bai ƙara yarda da dare ba.
Yana miƙa wa yaro kuɗin fetur
ya ce mini, ku mutanen ƙauye kun cinye daji.
Na ce, Allah ya ƙara lafiya, Alhaji.

Bara wata yarinya ta zo daga Dutse da takarda,
tana tambayar kawuna nawa, dami nawa.
Ta ce hayaƙin ba ɓacewa yake ba,
taruwa yake can sama kamar bashi,
shi ke sa zafi, shi ke sa damina nawa.
Ni dai abin da na sani,
marken da nake sara a bayan maƙabarta
yanzu sai na yi tafiyar hantsi zuwa azahar,
na dawo da sabara da kalgo.

Na ba su shawara: tukunya ɗaya,
mai son gishiri ya barbaɗa a kwanonsa.
Kwana uku suka yi.
Ran na huɗu Kande ta ce kuka ta yi yawa.

Watan jiya Mantau ya riga mu.
Bayan sadakar bakwai na rage dami ɗaya.
Hakama ta tare ni a zaure, ta ƙirga da sanda,
ta ce, cika shi yadda ka saba.
Ita ke hura wutarsa da magariba,
wai ba ta son ganin ƙofar nan baƙi ƙirin.

Na cika. Ban karɓi kuɗin ba.

Ɗana yana Kano yana jan keke mai ƙafa uku.
Jakina ya fara tuntuɓe a hanyar da ya haddace.
Jiya da dare, ina kwance gatari,
na ji gwiwata tana tambayar wuta.